A Koya wa Ɗalibai Igiyoyin Haske

Da damina, ruwan da mai ya ɗiga a kansa a garejojin Kakuri yakan fito da launukan bakan gizo. Kwamfutar da ta ɗauki haske a matsayin miƙaƙƙen layi kawai ba ta iya zana wannan launi, haka ma sheƙin gashin ɗawisu. A 1801 Thomas Young ya bayyana dalili: haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, igiyoyi biyu kuwa in sun haɗu, ko su ƙarfafa juna ko su kashe juna. A 1999 Jos Stam ya yi amfani da lissafin igiyoyin haske, kwamfuta ta zana launukan faifan CD. Saboda haka bai kamata malaman sakandare su tsaya ga darasin madubi ba. Kwanon ruwa da ɗigon mai sun isa gwaji.