Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Da zarar hunturu ya kama hanyar tafiya, zafin bazara ya kunno kai, uwa a Sakkwato ba ta da kwanciyar rai, domin lokacin sanƙarau ke nan. Yau a kan wannan nake so mu tattauna.

Mu tuna da 2017. Cutar ta ɓulla a Zamfara tun ƙarshen 2016, ta bazu Sakkwato da Kabi da Katsina da Neja, ta kashe mutum fiye da dubu ɗaya a ƙasar nan, yawancinsu yara. Allurar rigakafi ga jama'a da yawa kuwa sai a watan Afrilu aka fara yin ta, bayan an yi zaman makoki a gidaje da yawa. Abin takaici, wannan nau'i na sanƙarau ba baƙo ba ne gare mu, tun 2013 aka fara ganinsa a jiharmu. Shekara huɗu ke nan, ai ko makaho ya ga hadarin.

In an yi magana sai a ce ana jiran Abuja. To, Abuja tana da nata laifin. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, amma ba a sa kuɗin a kasafi ba sai 2018. Sai dai dokar nan ta ce jiha ma ta zuba nata kason. Kuma Abuja ba za ta zo ta buɗe ɗakin shan magani na unguwarmu da dare ba. Ajiye magani da ruwan ƙari tun kafin bazara, da biyan malaman asibiti a kan kari, da motar ɗaukar majiyyaci daga ƙauye, duk aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Wace mace ce ke jiran baƙi su yi sallama sannan ta aika neman itace?

Mu ma da namu. Yaro ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, wuya ya sanƙare, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, kada a tsaya jiƙo da hayaƙi, kada a ce sai maigida ya dawo kasuwa. A nufi asibiti nan take, domin cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya. Ku kuma 'yan makaranta, musamman na kwana, ku faɗa wa malama da wuri, kuma a bar tagogi a buɗe.

Sannan ranar da masu neman ƙuri'a suka shigo da atamfa da sabulu, a tambaye su nawa aka ware wa annoba a kasafin bana, kuma nawa aka fitar.