Tidal: abin da cinikin dala miliyan 297 ya nuna game da kasuwar waƙa ta intanet

A watan Maris na 2021, kamfanin hada-hadar kuɗi na Square, wanda Jack Dorsey ke shugabanta, ya sanar da sayen kaso mafi tsoka na manhajar sauraren waƙoƙi ta Tidal kan dala miliyan 297. Shekaru shida kafin nan, mawaƙin Amurka Jay-Z ya sayi kamfanin Aspiro mai manhajar, wadda aka ƙirƙira a Norway, kan kimanin dala miliyan 56. A lissafin ɗan kasuwa, Jay-Z ya ci riba. Ga mawaƙan da aka ce don su aka yi Tidal, sakamakon bai kai yadda aka zata ba.

Da aka sake ƙaddamar da ita a New York a ƙarshen Maris na 2015, manyan taurari irin su Beyoncé, Rihanna, Madonna da Kanye West sun hau dandamali a matsayin masu hannun jari. Alƙawarin shi ne sauti mai inganci da biya mai tsoka ga masu waƙa. A 2015 ɗin babu sauraren kyauta: ana biyan dala 9.99 a wata a lokacin, ko 19.99 ga mai son sauti mafi kyau.

Dabarar jawo jama'a ita ce keɓe sabbin kundaye. A 2016, The Life of Pablo na Kanye West da Lemonade na Beyoncé sun fara fitowa ne a Tidal. Mutane sun yi rajista, amma keɓewar ba ta isa ta ture Spotify da Apple Music ba. A 2017 kamfanin sadarwa na Sprint ya sayi kashi 33 cikin 100. A 2018 jaridar Dagens Næringsliv ta Norway ta zargi Tidal da kumbura alƙaluman sauraren waɗannan kundaye biyu, zargin da kamfanin ya musanta.

Matsalar tana cikin tsarin kasuwar kanta. Kusan kashi biyu bisa uku na kuɗin shiga na irin waɗannan manhajoji na tafiya ne ga masu haƙƙin mallaka, akasari manyan kamfanoni uku: Universal, Sony da Warner. Ana kuma raba kuɗin ne gwargwadon yawan sauraro, don haka taurari ke kwashe kaso mafi girma. Ƙaramar manhaja ba ta iya jure wannan ita kaɗai, shi ya sa take neman inuwar babban kamfani. Amma mai saye yana da nasa lissafin: Square, wanda ya koma Block, ya soke shirin biyan mawaƙa kai tsaye a 2023, a 2024 kuma ya ce zai rage kuɗin da yake zubawa a Tidal.

Wannan ya shafi mawaƙan Hausa, daga Kano da Damagaram zuwa zangon Kumasi, waɗanda ke ɗora waƙoƙinsu a YouTube, Audiomack da Boomplay. Manhaja na iya canza hannu, sharuɗɗan biya su canza ba tare da an tuntuɓi mawaƙi ba. Abin da yake hannunsa shi ne haƙƙin mallakar waƙarsa da yarjejeniyar da ya sa wa hannu, don haka ya karanta ta da kyau kafin ya miƙa wa dillali aikinsa.