Tagwayen Kwalekwale Domin Ruwan Challawa

Tsakanin shekarar 1990 da 1992 ne aka gina madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Tsayin ginin mita 42 ne, tsawonsa ya kusa kilomita 8, in kuwa ya cika yakan riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Inda a da kogi ne wanda yakan janye da rani, yanzu tafki ne makeke a tsakanin ƙauyukan Karaye da Rogo. An auna dutse, an auna ƙasa, an auna ruwa, amma jirgin da mutane za su shiga su ƙetare wannan ruwa an bar wa masassaƙi da ɗan fito su yi yadda suka iya. Mu dai a ganinmu wannan babban giɓi ne, kuma cike shi aiki ne da ya rataya a wuyan masu ilmin zamani, watau mu ɗalibai da 'yan'uwanmu matasan ma'aikata.

Domin a gane abin da muke nufi, bari mu duba yadda Turawa suka yi da irin wannan matsala a teku. A shekarar 1991 ƙasar Denmak ta kafa injinan iska 11 masu samar da lantarki a cikin teku, a wani wuri da ake kira Vindeby, wannan ne kuma gandun injinan iska na cikin teku na farko a duniya. Abu ya yi ta bunƙasa, har a 2022 aka kammala gandun Hornsea 2 a gabashin Ingila, mai injina 165, kusan kilomita 90 daga gaɓa. Kowane inji daga cikinsu hasumiya ce tsaye a tsakiyar ruwa, mai bukatar mai, da ɗaurin ƙusa, da gyara. Tilas ne makaniki ya isa gindinta, ya kama tsani ya hau, alhali igiyar ruwa tana ɗaga jirgi tana saukewa. Ranar da ya kasa zuwa, injin da ya lalace zai kwana a tsaye, kuɗi na zuba.

Saboda haka sai aka zauna aka zana jirgi musamman domin wannan aiki. Mafi yawan waɗannan jirage katamaran ne, watau kwalekwale biyu sirara da aka jera kafaɗa da kafaɗa, aka haɗa su da dandamali a bisa. Galibi da alminiyam ake ƙera su, tsawonsu tsakanin mita 20 da 30, suna ɗaukar ma'aikata 12 ko 24. A goshin jirgin akwai roba mai kauri. Matuƙi yakan tura goshin ya manne da ƙarafan da ke gindin hasumiya, ya bar inji yana turawa, robar ta riƙe jirgin, sa'an nan makaniki ya taka ya kama tsani. In igiyar ruwa ta haura kimanin mita ɗaya da rabi, yawancinsu sukan dakatar da aiki. Kowane sashe na jirgin, daga faɗin dandamali har zuwa siffar goshi, amsa ce ga wata tambaya da aikin ya yi.

Dabarar ma ba Turawa suka fara ta ba. Kalmar katamaran daga harshen Tamil na kudancin Indiya ta fito, ma'anarta itatuwan da aka ɗaure wuri guda. Mutanen tsibiran tekun Fasifik kuma da tagwayen kwalekwale suka yi tafiye-tafiye na dubban kilomita tun kafin jiragen Turawa su isa can. Abin da injiniyoyin zamani suka ƙara shi ne lissafi da awo, waɗanda mu ma ana koya mana su a aji.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da wannan, tun da ba mu da teku? Gaskiya ne, injinan iskar da muka sani a kusa su ne 37 ɗin nan na Lambar Rimi a Jihar Katsina, waɗanda aka tsara su ba da megawat 10, kuma a tudu suke, da mota ake zuwa musu. Amma muna da ruwa mai faɗi, kuma yana cin mutane. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin fito ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, a nan Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyarsu ta zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu. Rahotanni sun nuna lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Ruwan Challawa ya fi na Watari girma nesa ba kusa ba, kuma irin jiragen da ake fito da su a madatsunmu duk kusan ƙira ɗaya ce. Bai kamata mu jira irin wannan rana ta zo wa mutanen Karaye da Rogo kafin mu motsa ba.

Me ya sa kwalekwale guda yake saurin kifewa? Saboda siriri ne, kuma abin da ke hana shi karkata bai wuce faɗin cikinsa ba. In aka cika shi da mutane da buhunan masara da babur, bakinsa yakan sauko dab da ruwa. Da iska ta taso, ko fasinjoji suka firgita suka koma gefe guda, sai ruwa ya shiga, shi ke nan. Tagwayen kwalekwale kuwa kamar mutum ne da ya buɗe ƙafafu ya tsaya. In nauyi ya koma dama, kwalekwalen dama zai ƙara nitsewa kaɗan, ruwa ya ƙara tura shi sama, kuma da yake yana nesa da tsakiyar jirgi, wannan turawa tana da ƙarfin mai da jirgin daidai. Gwargwadon tazarar da ke tsakanin tagwayen, gwargwadon wuyar karkatar da su.

Har ila yau akwai wasu amfanoni da suka dace da tafkinmu. Dandamali shimfiɗaɗɗe ne, ana iya tura babur a kai, a kwantar da majinyaci ko mai naƙuda, a ɗaure awaki ranar kasuwa. Irin wannan jirgi ba ya nitsewa da zurfi, saboda haka zai iya matsowa gaɓa ko da rani sa'ad da ruwa ya ja baya, kuma hatsarin karo da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye yana raguwa. In an sa inji a kowane ɓangare, ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa, ɗayan zai kai mutane gida. In kuma aka rarraba cikin kowane kwalekwale ɗaki-ɗaki aka toshe, ko aka cusa jarkokin roba marasa komai aka rufe bakinsu, ko ya fashe ba zai nitse ba. Masuntanmu da ke hawa gora sun daɗe da sanin wannan hikima.

Ma'aikatan madatsar su ma suna bukatar jirgin aiki. Akwai duba fuskar ginin ta ɓangaren ruwa, da auna zurfi domin a san yawan laka da yashin da ke taruwa, da ɗebo ruwa domin gwaji, da ceto in hatsari ya auku. Duk waɗannan suna son wurin da mutum zai tsaya da kayan awo ba tare da jirgi yana rawa ba. Haka nan duk wani aikin lantarki da za a yi a kan wannan ruwa zai bukaci hanyar kai makaniki wurin gyara. Babban darasin gandun iska na teku ke nan: ranar da ake zana gini, ranar ake zana hanyar kula da shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Lalle tagwayen jirgi yana da nasa aibi, kuma wajibi ne mu faɗe shi. Ya fi kwalekwale guda tsada, domin jiki biyu ne da abin haɗi. Gungumen da ke haɗa su shi ne ran jirgin, in bai yi ƙarfi ba igiyar ruwa za ta murɗe shi ta raba tagwayen. In dandamali ya yi ƙasa, ruwa zai riƙa dukansa daga ƙarƙashi. Ba ya son lodin da ya wuce ƙima, kuma in har ya kife ba ya komawa daidai da kansa. Waldar alminiyam ma tana son na'ura ta musamman da gwani, ba kowane mai walda ne zai iya ba. Amma waɗannan duka matsaloli ne na lissafi da zaɓen kaya. Ba jirgin tekun Ingila muke cewa a sayo ba, wanda aka yi domin ruwan gishiri da manyan igiyoyi. Muna so a zana namu, ƙarami, da katako ko faibagilas ko ƙarfen da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa, wanda kafinta a Karaye zai iya gyarawa, ɗan fito kuma ya iya biyan kuɗinsa daga abin da yake samu.

Bisa ga haka, muna kira ga sassan koyar da injiniya na Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su mai da wannan aikin kammala karatu na ɗalibai. A fara da zuwa mashigai a ƙirga mutane da kayan da ake ƙetarewa da su, a auna iska da igiyar ruwa da damina da lokacin hunturu. A zauna da Sarkin Ruwa da masunta da 'yan fito, domin su suka san inda kututture yake da sa'ar da iska kan juya, kuma jirgin da aka zana ba da shawararsu ba a gaɓa zai ruɓe. Sa'an nan a ƙera ƙaramin samfur, a ɗora masa buhunan yashi, a tura su gefe guda a ga iyakar abin da zai jure, kafin ɗan Adam ya sa ƙafa a ciki.

Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ke kula da madatsar, ita ce ta fi cancanta ta ba da wurin gwaji, ta kuma zama ta farko da za ta sayi jirgin domin ma'aikatanta. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997, aikinta ne ta duba zanen ta ƙayyade yawan fasinja. Ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, tare da Masarautar Karaye wadda tun 2024 ta ƙunshi su biyun, su tsaya a kan mashigai: a ja layi da fenti a jikin kowane jirgi, in ruwa ya taɓa layin ba a ƙara ko buhu ɗaya, a tanadi rigunan ruwa har da na yara, a kuma hana fito bayan magariba. Jirgi komai kyawunsa ba zai ceci mutanen da aka yi wa lodi ninki biyu ba.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin nan, takardun kwangila su riƙa bi ta hannunmu. Duk ranar da aka kawo mana zanen madatsa, ko gada, ko injin lantarki, mu tambaya: wa zai gyara shi, ta ina zai isa wurin, kuma mutanen da aikin ya sauya wa hanya da me za su ƙetare? Talakawan Karaye da Rogo sun ba da gonakinsu domin a tara ruwan da birni da masu noman rani ke amfana da shi. Mafi ƙarancin abin da ilminmu zai saka musu da shi shi ne jirgin da uwa za ta sa ɗanta a ciki hankalinta kwance. Allah ya ba mu ikon yi, amin.