Motar tsere a titin Koudoukou: araha ba ta ado

Duk wanda ya taɓa bi ta titin Koudoukou da ke unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi da hantsi, ya san ba wurin gudu ba ne. Ga manyan motoci suna sauke kaya, ga masu kura, ga 'yan acaba, ga masu talla sun baje har bakin kwalta. Mai mota in ya yi sa'a ya sa giya ta biyu. Shi ya sa muka yi mamaki da wani matashin ɗan kasuwa ya bugo waya a shirin rediyon unguwa da muke gabatarwa, yana neman shawara: wai dillali ya turo masa hoton wata Porsche ta hannu daga Beljiyam, kuɗinta bai kai na Hilux mai irin shekarunta ba, kuma da ita yake son ya riƙa zuwa shago kullum. Bayan shirin wasu ma sun tare mu da irin wannan tambaya, wani BMW mai ƙofa biyu, wani Marsandi AMG. Mun ga ya dace jaridar nan ta faɗi ra'ayinta, domin abin ya shafi 'yan'uwanmu na Garwa-Bulai da Beloko da sauran kasuwannin kan iyaka.

Abu na farko da ya kamata ɗan kasuwa ya tambayi kansa shi ne wanda yake tambaya kullum idan aka kawo masa kaya da araha: me ya sa mai shi ya karya farashi? Baturen da ya sayi motar tana sabuwa ya more ta lokacin da kamfani ke ɗauke da nauyin gyaranta. Da ta fara tsufa, sai ya yi lissafin abin da ke tafe, ya rabu da ita. Kuɗin motar yana faɗuwa kowace shekara, amma kuɗin kayan gyaranta yana nan inda yake. Taya da birki da famfon mai da giyabos, duk za a saye su ne a farashin masu kuɗin Turai, da kuɗin Yuro, alhali kowane Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. Wato abin da ake sayar wa matashin nan shi ne ragowar ɗawainiyar da wani ya gudu ya bari.

Wani rahoto da hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kaso mafi girma Afirka ya nufo. A cikinsu akwai nagari, babu shakka. Amma akwai waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye su, aka yi gwanjonsu, aka shafa fenti. Tsohuwar Corolla idan ta zo da irin wannan ciwo, bakaniken unguwa zai lallaɓa ta. Motar da komai nata kwamfuta ke sarrafawa kuwa, ruwa in ya taɓa wayoyinta, sai dai a yi ta kashe kuɗi ana lalube.

Sai kuma hanya. Irin waɗannan motoci an ƙera su ne su kwanta da ƙasa domin gudu a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Tsakanin cikinsu da ƙasa bai cika wuce santimita 10 zuwa 12 ba, yayin da na Hilux ya haura 20. A duk faɗin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, hanyar da ke da kwalta ba ta kai kilomita dubu ɗaya ba. Ko a cikin Bangi, da zarar ka bar babban titi ka shiga lungun Mamadou Mbaïki, jar ƙasa ce da kwazazzabai, kuma damina a nan tana ɗaukar rabin shekara. Rami ɗaya ya isa ya fasa tukunyar baƙin mai ko ya lanƙwashe ƙarfen taya. Tayoyin sirara ne, sau da yawa na gaba daban na baya daban, kuma da yawa daga cikin motocin ba su ma da safaya, domin a ƙasar da aka yi su waya kawai ake bugawa a zo a ja mota. A nan wa za ka buga wa?

Idan kayan gyara ya ƙare, daga Duwala zai taso, tafiyar kusan kilomita 1,400 ta Garwa-Bulai da Buwar da Bosambele, ko kuma a biya kuɗin jirgin sama. Masu karatunmu ba su manta ba, a ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 'yan tawaye sun toshe wannan hanya, ɗaruruwan manyan motoci suka yi makonni a tsaye a kan iyakar Kamaru. A irin wannan lokaci mai Toyota yana iya samun kwance a garejin maƙwabta, domin ire-irenta sun cika gari. Mai motar da babu ta biyunta a unguwa sai ya lulluɓe ta da tamfol ya hau acaba.

Batun mai ma ba ƙarami ba ne. A watan Janairun 2023 gwamnati ta ɗaga litar fetur daga sefa 865 zuwa 1,300, bayan dogayen layukan da aka sha a gidajen mai a 2022. A ranar, cika tanki mai lita 65 ya tashi daga kimanin jika 56 zuwa sama da jika 84. An ɗan sassauta daga baya, amma darasin ya isa: farashin mai a ƙasar da ba ta da teku ba a hannun kowa yake ba. Babban inji a cunkoso irin na Kilomita Biyar yana iya shan lita 15 ko fiye a kilomita ɗari. Bayan haka injin yana son tataccen fetur mai lamba 95 ko 98. Man kwalba na 'yan bumburutu, wanda mutanen arewacin Kamaru ke kira zuwa-zuwa, shi ne abin da kowa ke komawa gare shi ranar da gidajen mai suka bushe, kuma shi ne ke kashe nozul da famfon irin waɗannan motoci.

Ba mu ce mutum ba shi da ikon jin daɗin guminsa ba. Wanda ya ga abin da ya faru a wannan unguwa daga Disambar 2013, lokacin da aka ƙona shaguna aka wawashe dukiya, mutane suka watse zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage kuma suka zama kamar fursunoni a cikin 'yan layuka, zai fahimci yaron da ya tashi a cikin haka, yau ya samu, yana son a gan shi. Mun fahimce shi sarai. Sai dai mun san yadda kasuwancinmu yake tafiya. Kuɗin da ke hannun matashin ɗan kasuwa ba duka ne nasa ba. Akwai kayan da maigidansa na Duwala ko Kano ya ba shi bashi a kan amana, akwai adashin abokai, akwai jarin gwauruwar yayarsa da ta ce ya juya mata. Ranar da giyabos ya tsaya, daga aljihun shago za a ciro kuɗin. Sau ɗaya, sau biyu, sai a fara jinkirta biyan mai kaya. Shi kuwa mai kaya, labari ya riga ya isa gare shi cewa yaronsa ya sayi motar da shi kansa bai hau ba. A kasuwar da babu takarda sai magana, wannan kaɗai ya isa a rage wa mutum kaya.

Akwai kuma abin da dattawan kasuwar suka fi mu sani. A ƙarshen Disambar 2019 an yi kwanaki ana ɗauki-ba-daɗi tsakanin 'yan kasuwa da 'yan bindigar da ke karɓar kuɗi a hannunsu da sunan tsaron unguwa, aka rasa rayuka da dama, shaguna suka ƙone. Alhamdu lillahi an samu sauƙi. Amma har gobe, a kan hanya ko a shingen bincike, da abin da ka hau ake auna abin da za a nema a wurinka. Ku duba manyan Alhazan da suka daɗe a Kilomita Biyar, masu tireloli a kan hanyar Duwala, ku ga irin motocin da suke shiga. Ba rashin kuɗi ne ya sa ba.

Wanda duk da haka ya ce sai ya saya, to ya saye ta a matsayin ta biyu, ta fita ranar Juma'a ko ɗaurin aure, bayan ya biya kowa haƙƙinsa, kuma da kuɗin da in ya salwanta shago ba zai girgiza ba. Kada ya tura ko dala a kan hoton waya. Ya nemi lambar shasi, mai harufa da lambobi 17, a duba masa tarihin motar ta intanet, ko ta taɓa hatsari ko nutsewa. Ya haɗa kuɗin jirgin ruwa da na duwan da na ɗauko ta daga Duwala kafin ya ce ta yi araha. Sannan kafin komai ya je ya zauna da bakaniken da zai riƙa duba ta a Bangi, ya tambaye shi ko yana da na'urar da ke karanta kwamfutarta, kuma guda nawa irinta ya taɓa buɗewa da hannunsa. Idan bakaniken ya fara sosa ƙeya yana cewa "Alhaji, za mu gwada," a bar wa dillali hotonsa.