Agogon Ƙidayar Bugun Zuciya, da Maganar Cewa Ba Ya Jin Ruwa

Akwai wata haja da ta yawaita a rumfunan masu sayar da wayoyi, watau agogon hannu wanda, ban da gaya wa mutum lokaci, har yana ƙidaya masa bugun zuciyarsa. Mai saye ya kan tambaya, "Yana jin ruwa?" Sai mai rumfa ya juya bayan agogon, ya nuna masa rubutu, ya ce, "Ga shi nan, mita 30, ko kogi ka shiga da shi ba abin da zai same shi." Wannan magana ba daidai ba ce. Galibin masu faɗinta ba ha'inci su ke nufi ba, ma'anar rubutun ce ba su sani ba, amma hasarar da ke biyo baya ɗaya ce.

Asalin abin nan ba don ado aka yi shi ba. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan, wanda aka kafa a 1977, shi ya fitar da irinsa na farko marar igiyar waya a 1982, domin masu wasannin motsa jiki su san iyakar wahalar da zuciya ke sha. Wanda ke son gane mas'alar ruwa kuwa, sai ya dubi mai tuƙin kayak. Kayak ɗan siririn kwale-kwale ne, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu; mutanen Inuwit na ƙasashen ƙanƙara su suka fara yinsa da fata don farauta, kuma tun 1936 a ke tserensa a gasar Olamfik. Mai tuƙinsa hannunsa ba ya rabuwa da ruwa, igiyar ruwa tana dukansa, wani lokaci jirgin ya kife da shi ya sake miƙewa. Duk abin da zai sami agogo a ruwa, a hannun wannan mutum ya ke samunsa.

To, ga ma'anar rubutun. Kowace mita 10 ta zurfin ruwa tana ƙara matsi kwatankwacin na iskar da ke kan mutum a tudu, shi ne a ke rubutawa ATM. Saboda haka 3 ATM da mita 30 abu guda ne. Amma fa gwajin a ma'aikata a ke yinsa, da agogo sabo fil, cikin ruwa tsayayye marar gishiri, na ɗan lokaci kaɗan. Ba a gwada shi da dukan igiyar ruwa ba, ba a gwada shi bayan ya shekara biyu yana shan rana da gumi ba. Don haka masu ƙera agogo da kansu su ke cewa mai 3 ATM na yayyafi ne da wanke hannu, mai 5 ATM ya isa iyo a ruwa marar zurfi, mai 10 ATM shi ya fi dacewa da wasan ruwa mai ƙarfi, nutso kuwa yana da nasa agogo dabam. Tun 1990 ma hukumar ma'auni ta duniya, ISO, ta hana a rubuta wa agogo cewa ruwa ba ya shigarsa sam. Abin da aka yarda a rubuta shi ne yana jure ruwa zuwa wani haddi.

Wadansu kuma ba ATM ke bayansu ba, sai IP67 ko IP68. Lambar farko ta ƙura ce, kuma 6 na nufin ƙura ba ta shiga, abin da ke da amfani ƙwarai lokacin hunturu. Ta biyu ita ce ta ruwa: 7 na nufin zurfin mita 1 har minti 30, ke nan. Wanda ya sayar wa masunci irin wannan da sunan agogon kogi, lalle ya ɗora masa abin da bai ɗauka ba.

Mai alwala ba shi da damuwa da yawa, gama feshin ruwan buta bai fi ƙarfin mai 3 ATM ba, kuma dā ma ya kan gusar da shi domin ruwa ya game hannu. Abin da ke cin robar da ta toshe kafofinsa shi ne ruwan zafi da sabulu da gishiri, da kuma tsufa.

Sa'an nan akwai mas'ala ta biyu wadda ta fi ta farko nauyi, alhali ba a cika tambayarta a kasuwa ba. Ruwa ya kasa shiga agogo abu ne dabam, agogo ya ƙidaya daidai cikin ruwa shi ma abu ne dabam. Na wuyan hannu da koren haske ya ke aiki: yana haska fata, jini ya sha hasken, ya auna ƙaruwarsa da raguwarsa. In ruwa ya shiga tsakaninsa da fata, ko sanyi ya tsuke jijiyoyin jini, ko hannu ya yi ta lanƙwasa wajen tuƙi, sai lissafin ya rikice, har ya kan ɗauki kaɗawar filafili ya ce bugun zuciya ne. Agogon lafiya lau, fuskarsa tana haske, lambar kuwa ƙarya. Mai wasa abin da zai rasa kaɗan ne. Amma dattijon da likita ya iyakance masa adadin da kada zuciyarsa ta wuce, in ya dogara ga wannan lamba, ransa ya ke wasa da shi.

Irin wanda a ke ɗaurawa a ƙirji ya fi gaskiya, domin shi lantarkin zuciya ya ke ji, har ma laima taimakonsa ta ke yi, shi ya sa a ke jiƙa shi kafin a ɗaura. Illarsa ita ce saƙon Bluetooth ba ya ratsa ruwa. Mai kayak, da ya ke ƙirjinsa a sama ya ke, ba ruwansa da wannan. Mai iyo kuwa sai ya nemi wanda ke ajiye lissafi a cikinsa har ya fito tudu.

Abin da ya wajaba ga mai rumfa shi ne ya tambayi mai saye aikin da zai yi da agogon, kāna ya karanta masa lambar da fassararta, ya gaya masa ya ɗauraye shi da ruwan daɗi in ya shiga na gishiri, kada kuma ya sa shi a caji sai ya bushe. Shi ma mai sari, kafin ya biya kuɗin katan, ya sa a karanta masa takardar lamunin kamfanin, ya ji ko ɓarnar ruwa tana cikin abin da suka ɗauki nauyin gyarawa ko ba ta ciki.