Hutun Da Ke Karya Dattijo

Kowace shekara, ranar wasannin makaranta, idan aka kira tseren malamai sai ɗalibai su fashe da dariya. Ba laifinsu ba ne. Mu da muka yi fice a fili muna samari, yau mita 100 kawai ke sa mu haki kamar an koro mu.

Mukan ce tsufa ne ya kawo haka. Gaskiya dai zama ne. Da zarar mutum ya wuce shekara 40 sai ya mai da kujera sarauta. Alli ma sai mun aiki yaro ya ɗauko. A gida kuwa, Baba na ɗaukar fartanya sai mu ce, "Baba, ka huta," mu karɓe. Muna ganin ladabi ne, alhali kuwa ƙarfinsa muke ƙwacewa, gama tsokar da ba a mora takan shanye, gaɓoɓi kuma su sandare.

A shekarar 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas na Landan da kwandastocinsu. Direba na zaune wuni guda, kwandasta kuwa na hawa da sauka a matakalar bas mai bene. Ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin motsi ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wato minti 30 ke nan sau 5. Wannan bai bukaci kuɗi ba. Tafiya da sauri zuwa kasuwa ko sujada, hawan keke, noman bayan gida, duk suna cikin lissafi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara neman shawarar likita.

Ya ku ɗalibai, idan kun je hutu, ku ɗauke wa iyayenku kaya mai nauyi, amma kada ku ɗauke musu tafiya. Ku raka Kaka gona, ku bar ta ta tsinci kuɓewarta da kanta. Mu malamai kuma, mu riƙa ɗauko allinmu da ƙafafunmu. Lafiya uwar jiki ce. Sai mun haɗu a fili baɗi.