Daga Bakin Rumfa: Rado, Agogon Alhazai

 Wannan makon maganar agogo za mu yi.

Duk wanda ya tashi a Garwa ko Marwa a shekarun 1980 ya san alamomin sabon alhaji: haƙorin Makka, ƙamshin turare, sai kuma wani agogo mai kauri, mai ruwan zinari, wanda ake ɗan janye hannun riga don a gan shi. Rado ke nan. Mu yaran kasuwa mun ɗauka a Makka ake ƙera shi, tunda daga can yake zuwa tare da dabino da zamzam. Ashe Jidda da Makka zango ne kawai. Gidansa wani ƙaramin gari ne a Suwizalan mai suna Lengnau, inda wasu 'yan uwa uku 'yan gidan Schlup suka buɗe masana'anta a 1917. Shekaru da dama injin cikin agogo suka fi ƙerawa, wasu kamfanoni na saye suna liƙa sunansu, kamar dai mai ɗinkin hular da ba a san shi ba, dillali ke cin suna. Sai a shekarun 1950 suka fito da agogo da sunan Rado.

Wanda ya kama zuciyar mutanenmu ya fito ne a 1962, suna kiransa DiaStar. Jikinsa ba baƙin ƙarfe ba ne na yau da kullum. Garin wani ƙarfe ne mai taurin gaske, tungusten, ake matsewa a gasa da wuta mai tsanani, irin wanda ake yin bakin injin yankan ƙarfe da shi. Fuskarsa kuma safaya ce, wadda a tauri take dab da lu'ulu'u. To ku duba ƙasarmu. Ƙurar hunturu da yashin Binuwai sun fi gilashi da ƙarfen agogo tauri, shi ya sa agogon da ya shekara biyu a hannun mai auna gyaɗa ko mai ɗaga dilar atamfa sai ka ga fuskarsa ta dushe kamar tsohon madubi. Shi kuwa wannan, ya shekara ashirin, ka goge shi da gefen riga ya koma kamar jiya aka kwance shi a kwali. Ba talla ta sayar da shi a nan ba, ido ne ya gani.

Akwai dalili na biyu da ba kasafai ake faɗa ba. Addini ya hana namiji sa zinari. Wannan kuwa yana walƙiya kamar zinari alhali ba zinari ba ne, launi ne aka yi wa ƙarfen. Sai alhaji ya samu kwarjini, liman kuma bai da ta cewa.

Bayan da Seiko na Japan ya fito da agogon batir a ƙarshen 1969, kasuwar Suwizalan ta yi mummunar faɗuwa. A 1983 aka haɗe manyan kamfanoninsu biyu, Nicolas Hayek, haifaffen Bairut, ya ja ragamar. Yau Rado da Omega da Longines da Tissot duk 'yan ɗaki ɗaya ne, ƙarƙashin Swatch.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau, musamman matasa masu sabon jari da iyaye masu haɗa lefe. Ina jin ana cewa, "Sayi Rado, ajiya ce." Wallahi ba ajiya ba ce. Zinarin uwargida idan rana ta ɓaci a sikeli ake ɗora shi, a biya nauyinsa. Agogo ba a auna shi. Waɗanda suka ga karyewar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da kuɗinmu ya rasa rabin darajarsa dare ɗaya, sun san abin da ya ceci mutane: shanu, zinari, hajar da ke cikin sito. Masu yawo da agogo rumfa-rumfa tayin wulaƙanci suka riƙa sha, don mai saye ya san ba marmari ya fito da kai ba. Ni a ganina, wanda ribar shekararsa ba ta ninka kuɗin agogon sau da yawa ba, Seiko 5 ya ishe shi sanin lokacin azahar.

Sannan taurin nan yana da nasa aibin. Abin da ba ya karcewa ba ya lanƙwasa, kamar tangaran. Ya suɓuce daga hannu wurin alwala ya daki siminti, yana iya ɓantarewa ko ya tsage, kuma babu maƙerin da zai like maka shi.

Jabu kuwa ya cika gari, daga Mubi har Duwala. Na gaske yana da nauyi, ka ɗaga ka ji shi a tafin hannu, launinsa kuma ba ya kwailewa a gefe. A fuskar mai cin motsin hannu, wato wanda ba ya aiki da batir, akwai ɗan ƙugiyar jirgin ruwa, tambarin kamfanin, da ke juyawa idan ka karkata agogon. A da wannan kaɗai ya isa shaida, amma masu jabu sun koyi juya ta su ma. Saboda haka kada a biya sai an je wurin tsohon mai gyaran agogo ya buɗe bayan ya duba injin, a kuma ga takardar garanti mai lambar da ta yi daidai da ta jikin agogon. Mai kayan da ya ƙi a buɗe, a mayar masa da abinsa, ko da kuwa ya rantse daga Jidda ya sauko da shi jiya.